Yatsa Huɗun Wilf Tranter

Wilf Tranter ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a garin Stoke, kuma a faɗarsa ko madubi bai taɓa gogewa ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayar da gida, ya sayi dogon siririn jirgi irin namu, mai ɗaki bayan ɗaki kamar taragon jirgin ƙasa, shi da matarsa Bernice suka tare a kan ruwa. Shekara goma sha huɗu ke nan suna ɗaure a sahunmu, can bayan gonar Hollins, inda mota ba ta zuwa sai an taka rabin mil a hanyar gefen ruwa.

Mu mazauna jirgi muna da wata cuta, kowa gani yake shi kaɗai ya san ruwa. In an yi fari mu yi ta mita an rufe ƙofofin ruwa da jirage ke bi, in an yi ruwan sama mu yi ta mita igiya ta jiƙe. Amma ta Wilf ta fi ta kowa tsanani. Yana da wata tsohuwar sanda da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kullum safe sai ya tsoma ta a gefen dutse ɗaya, ya ɗaga, ya ƙura mata ido, sannan ya bi jiragenmu ɗaya bayan ɗaya yana sanar da mu abin da ba mu tambaye shi ba. Ruwa ya ƙaru da yatsa ɗaya. Ruwa ya ragu da rabi. Wane, igiyarka ta yi tsauri. Wance, bututun hayaƙinki ya karkace. Dalilin ke nan muka sa masa Farfesa. Abin haushin shi ne yawanci gaskiyarsa ce, kuma babu abin da ke kashe zumunci a bakin ruwa kamar mutumin da kullum gaskiyarsa ce.

Babban abin taƙamarsa wata gada ce ta jan bulo mai baka, wadda ke tsakaninmu da mashigar gari. Muna kiranta Wanzamiya, don babu wanda ba ta taɓa aske wa wani abu ba: bututu, tukunyar furanni, eriya, sau ɗaya ma har da keken wani baƙo. Wilf kuwa yakan ce jirginsa na wucewa da ratar yatsa huɗu cif, ya ɗaga yatsun a fuskarka don kada ka ce ba ka gani ba.

Ƙorafinsa ɗaya ne a duniya, kayan Bernice. Tana da keken ɗinki na kakarta, irin na baƙin ƙarfe da ake takawa, wanda sai ƙarti uku ke ɗagawa. Tana da littattafai cike da kanta guda. Sannan ga kwalaben jam, dafaffen 'ya'yan itacen nan mai zaƙi da ake shafa wa burodi. Duk ƙarshen bazara sai ta tsinko 'ya'yan ƙaya a bakin hanya ta dafa abin da ya fi ƙarfin cikin mutum biyu, ta rubuta shekara a murfi, ta jera. Akwai kwalaben da suka girmi jikokinsu. Duk wannan kaya a ɓangaren hagu yake, don dama hanyar wucewa ce, saboda haka jirgin a karkace yake. Wilf ya ɗaga katakon daɓe ya shimfiɗa bulon siminti a dama don ya daidaita, amma bai yi maganin abin ba. In ya fasa ƙwai a kasko sai ya gudu hagu. Shayi a kofi, gefe ɗaya ya fi tsawo. A gado ma, in ji shi, duk yadda ya kwanta sai ya tsinci kansa ya mirgina wajen Bernice. Yakan ce mata ita da kayanta za su nutsar da shi wata rana, ita kuma ta ce ya kula da sandarsa, ita ta kula da kwalabenta.

Sai ga bazarar bana, wadda ta zo da halin damina. Tun farkon Yuni sama ta buɗe ba ta sake rufewa ba. Wanki ba ya bushewa, burodi na yin funfuna kwana biyu, tagogi na zufa, kowa ya kunna murhu a watan da ya kamata a zauna a kan rufi ana shan iska. Hanyar gefen ruwa ta zama kunu. A nan Bernice ta zame wata safiya tana ɗauke da jakar shara, ƙashin ƙugunta ya karye. Masu ɗaukar marasa lafiya suka sha wuya kafin su fito da ita ta cikin taɓon. Aka yi mata aiki, ta yi sati biyar a asibiti.

Wilf ya tsorata, tsoro na gaske. Bai faɗa wa kowa ba, amma mun gane, don kwana huɗu bai zo ya gaya mana matsayin ruwa ba.

'Yarsu Gillian, wadda ke aure a Derby, dama ba ta taɓa son zaman jirgin nan ba. Ta gyara ɗaki a ƙasan benenta, da gado mai ɗagawa da banɗaki a kusa. Bernice ta ce ita gida za ta koma, kuma gida shi ne jirgi. Aka yi ta ja, daga ƙarshe Gillian ta gindaya sharaɗi. Za a sallami uwarta ranar Juma'a. Ba za ta bari a bi da ita ta cikin taɓon nan ba. In jirgi na mashigar gari da ƙarfe biyu, inda mota ke zuwa har bakin ruwa kuma daɓe ya yi daidai da ƙofar jirgi, to. In ba ya nan, kai tsaye Derby za su wuce. Wilf ya ce mata awa uku ce tafiyar, shi da ya yi shekara talatin da ɗaya bai taɓa makara a tasha ba. Amma a ransa ya san abin da duk muka sani. Wanda ya shiga gida mai ruwan zafi a famfo da ƙugu ɗinkakke, ba ya dawowa kan ruwa. Mun ga hakan ba sau ɗaya ba.

Saura mako guda Wilf ya fara shiri. Ma'aikaciyar asibiti ta ce dole a sami fili inda ƙarfen dogarawar Bernice zai wuce ba tare da ya maƙale ba. Wannan hujja ce mai kyau, kuma da ita ya kafa. Gaskiyar magana kuwa, wadda shi da bakinsa ya faɗa daga baya, daɗi ya ji. Shekara goma sha huɗu yana jiran ranar nan. Ya ari baro, ya roƙi mai gonar Hollins wuri a rumbunsa, ya yi sawu goma sha tara cikin ruwan sama. Littattafai suka tafi, kwalabe suka tafi, keken ɗinki ya kwance shi gunduwa-gunduwa ya tafi. Sai jirgin ya karkata dama, saboda bulon siminti, ya ɗaga katako ya kwashe su ma. Da ya gama ya ajiye lemo a kan tebur, lemon ya tsaya cak. Ya ce ya fi minti goma yana kallon lemon nan kamar wanda aka ba lambar yabo.

Ranar Juma'a da ƙarfe bakwai ya tsoma sanda. Ruwa ya ƙaru da yatsa uku. Lissafi mai sauƙi: huɗu a cire uku, saura ɗaya, kuma yatsa ɗaya ya ishi gwani. Ya sauke bututun hayaƙi, ya sauke tukwanen furanni da itacen wuta, rufi ya zama fayau. Ya tayar da inji ya wuce ta gaban jiragenmu cikin rigar ruwansa ruwan ɗorawa, ko hannu bai ɗaga mana ba.

Tara da rabi ya iso Wanzamiya. Ya rage gudu, ya saita hancin jirgin a tsakiya, yana 'yar waƙarsa. Sai ya ji wani ƙara da bai taɓa ji ba a jirginsa, ƙarfe na cin bulo. Kusurwoyin rufin gaba biyu sun cije a bakan gadar, jan gari na zubowa. Ya ja da baya, ya sake saitawa, ya sake gwadawa, gada ta sake ƙi. Ya sauka ya tsoma sanda, yatsa uku ne, ba ƙari. Ya tsaya yana zargin gada, yana cewa ƙila ta nutse ne saboda ruwan sama. Can idonsa ya faɗa kan cikin jirgin. Akwai wani layin gansakuka da ya kamata a ce yana daidai da fuskar ruwa. Yanzu yana sama da ruwa, ratar yatsa biyu, jirgin ya taso.

Shekara goma sha huɗu yana auna ruwa, bai taɓa auna jirgin ba. Da hannunsa ya sauke nauyin, sawu goma sha tara, yana murna.

Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a cika tankin ruwan sha na gaba don hanci ya nutse. Famfon cika tanki yana mashiga, bayan gada. Zai iya komawa ya ɗauko bulon siminti, amma jirgi mai wannan tsawo ba ya juyawa sai a faffaɗan wuri, kuma faffaɗan wurin shi ma yana bayan gada. Ya ɗebi ruwa a bokiti biyu, da tukwane, da kwandon shara, da butar shayi, ya jera su a gaba. Rabin awa ya ɓata, bai sami ko kaurin farce ba. Ya zauna a kan rufi ruwa na dukansa, wata agwagwa ta zo ta wuce ta ƙarƙashin gadar da 'ya'yanta bakwai ba tare da ta auna komai ba.

Dabara ɗaya ta rage, tsohuwa ce kuma kowa ya san ta: a tara mutane su shiga jirgi su danne shi. Matsalar ita ce sai kana da mutane. Ya kira Doreen Platt, wadda ita kaɗai ce a sahunmu take gaishe shi da fara'a. Doreen ta ce za ta zo, amma ita ko buhun gari ba ta kai ba, kuma mai motar da za ta kwaso jama'a Len ne, sai ya kira shi da kansa. Len Mottram tsohon mahauci ne, ƙato, in ya taka jirgi sai ka ji a naka. Shekara uku ba sa magana da Wilf, tun ranar da Wilf ya gaya masa a gaban mutane cewa ɗaurin igiyarsa na 'yan koyo ne, washegari kuma jirgin Len ya kwance ya tare hanya.

Wilf ya ce ya fi minti biyar yana riƙe da wayar kafin ya danna.

"Len, Wilf ne."

"Wane Wilf? Au, Farfesa. Ruwa ya ƙaru ne za a sanar da ni?"

"Ina Wanzamiya. Na kasa wucewa."

"Kai? Ina yatsa huɗun?"

"Nauyinka nake nema, Len."

Len ya ce shekara da shekaru ai Wilf ne ke ce masa ya rage teɓa.

"Na gode Allah da ba ka ji maganata ba," in ji Wilf. "Ƙarfe biyu za a kawo Bernice."

Sunan Bernice ne ya taso mu, ba na Wilf ba, kuma shi ma ya sani. Duk wanda ke sahun nan ya ci jam ɗinta. Sha ɗaya da rabi motar Len ta tsaya a kan gadar ta zazzage mu, mu bakwai. Ni mai ba da labarin nan da ƙyar nake kai kilo sittin da takalmina, Len ya dube ni ya ce da ya san ni zai ɗauko da buhun dankali ya sa a kujerar. Doreen ta tare wasu mata biyu masu yawo da kare ta shigo da su har da karen. Aka taso wani mai kamun kifi daga ƙarƙashin laimarsa. Aka aika mashayar kan hanya, mai wurin ta zo da kukunta, hannunsa duk gari.

Muka cunkushe a ɗakin gaba, mu goma sha biyu da kare, rigunan ruwa na ɗiga, tururi na tashi daga jikinmu, kowa na taka ƙafar wani. Wilf yana waje yana auna rata da yatsa, yana ba da umarni kamar da. Ku matsa gaba. Ku daina motsi. Wa ya koma baya? Ya tura jirgin a hankali, aka shiga taku ɗaya, sai kuma ƙarar nan. Saura rabin yatsa.

Len ne ya leƙo ta ƙofar gaba ya gano matsalar. Wilf yana can baya a wajen tuƙi, kuma nauyinsa a baya ɗaga hancin yake yi.

"Farfesa, kashe inji ka zo nan."

"Wa zai tuƙa?"

"Ba a bukatar direba. Kaya ake bukata."

Na ga fuskar Wilf a lokacin. Mutumin da bai taɓa sakar wa ko matarsa sandar tuƙi a ƙarƙashin gadar nan ba, ya kashe inji, ya ratso ta cikin jirginsa mai fili, ya zo gaba. Len ya sa shi ya kwanta rigingine a kan akwatin hanci, ya ɗaga ƙafafu ya dafa bakan gadar da takalmansa, yadda mutanen dā ke tura jirgi a cikin rami. Dogayen cikinmu suka miƙa tafin hannu suka tokare bulo suna dannawa. Haka aka bi, taku bayan taku, Wilf na tafiya a silin da ƙafafu a sama, ruwan gada na ɗiga masa a hanci, Len na ƙirga masa hagu, dama, hagu, kamar kurtun soja. Fenti ya ɗan tafi, amma ɗaya saura kwata haske ya buɗe, muka fito ta ɗaya gefen. Karen ne ya fara ihu.

Babu wanda ya yarda ya sauka. Kowa ya ce tunda ya ba da nauyinsa sai ya ga ƙarshe. Haka muka iso mashiga biyu saura minti shida, muka tarar da motar Gillian tana tsaye, injinta a kunne, Bernice na leƙe ta gilashi.

Aka shigo da ita a hankali, da ƙarfen dogarawarta. Ta rame. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kukun nan ko shi waye, sannan ta juya ta dubi ɓangaren hagu. Kantar littattafai babu komai. Inda keke yake sai tabon ƙafafunsa huɗu a daɓe. Wilf ya zaunar da ita, ya yi sauri ya miƙa mata shayi. Ta daɗe tana kallon kofin, shayin ya tsaya daidai ta ko'ina.

"Wannan ba jirgina ba ne," in ji ta. "Daga asibiti na fito, Wilf. Wani asibitin ka kawo ni."

Gillian tana bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Tausayin Wilf ya kama ni, abin da ban taɓa zaton zai faru da ni ba. Ya ci gada, ga shi zai faɗi a kan tudu.

Ya cire hularsa, gashinsa duk jan garin bulo. Ya ba ta labarin tun daga baro har zuwa ƙafafu a sama, bai rage komai ba, har da lemon da ya tsaya yana kallo. Sannan ya ce, a gabanmu duka, a gaban Len:

"Yatsa huɗun nan da nake cika wa mutane kunne da su, biyu naki ne, Bernice. Kekenki da kwalabenki ke ratsa ni ta ƙarƙashin gadar nan duk shekarun nan, ni ina baya ina riƙe da sanda ina ɗauka ni ne. Yau sai da mutum goma sha biyu da kare suka tsaya a madadinki, kuma da ƙyar suka isa."

Bernice ta kurɓi shayin. Ta ce sukari ya yi kaɗan. Ta tambayi Len ko motarsa za ta iya ɗaukar keken ɗinki, Len ya ce har da mai ɗinkin. Ta ce littattafai su jira sai ta ajiye ƙarfen dogarawa, amma keke da kwalabe yau za su kwana a gida, kuma in ta ƙirga ta ga babu na shekarar da aka haifi ƙaramin jikanta, wani zai yi bayani. Sannan ta dubi Gillian ta ce, "Ki kama hanya, 'yata, kada cunkoso ya tare ki. Ki zo Lahadi, ki taho da yaran."

Kafin la'asar mun dawo da kayan. Wilf ya haɗa keken da hannunsa, ya ɗora ƙafafunsa a kan tabonsu. Len ya tambaye shi bulon siminti fa, ya ce a bar wa mai gona ya yi matakala. Muna jera kwalabe jirgin na kwantawa hagu a hankali, har lemon nan ya taso daga tsakiyar tebur, ya gangara, ya faɗa cinyar Bernice.

Ruwan sama bai ɗauke ba sai tsakiyar Agusta. Wilf har yanzu yana tsoma sandarsa kullum safe, hali ba ya fita, sai dai yanzu sai an tambaye shi yake faɗa, kuma Len kan tambaya don tsokana. Labarin gada kuwa shi ke bayarwa da kansa, har ya kwanta a kan benci ya ɗaga ƙafafu don a gani. Ranar nan Doreen ta tambaye shi ko ƙwai ya ci gaba da gudu a kasko. Ya ce yana gudu, shayi ma a karkace, gado ma haka. Ya ce Bernice ta kafa matashi a tsakaninsu ta gargaɗe shi kada ya mirgino mata kan ƙugu, shi kuma duk safiya a jikin matashin yake farkawa. Satin nan ɗaya da gadon ya yi a daidaice, in ji shi, ko sau ɗaya bai yi barcin kirki ba.